Finafinai goma, jarumai biyar, babu ɗan Nijar ko ɗaya: wa ya yi mana wannan zaɓin?

Yau faɗa na zo yi, kuma da ku zan yi shi, don haka mai shayi a hannu ya aje kofi tukuna.

Kwanakin nan wani wasa ya shigo yayi a fadodinmu da wayoyinmu. Kowa ya kawo finafinai goma waɗanda ya ce duk wanda bai gan su ba bai ga komai ba, ya ƙara da jarumai biyar da ya fi ƙauna. Wasa ne mai daɗi, ni ma na yi shi, an yi gardama har shayi ya ƙone a kan gawayi. Amma da na koma gida na natsu na bi jerin da mutane suka kawo, na Maraɗi, na Damagaram, na Tawa, na ƴan Yamai, sai raina ya ɓaci. Sangaya na nan, Wasila na nan. Labarina, Izzar So da Daɗin Kowa kusan kowa ya sa su. Dattawa sun kawo Sholay, mata sun kawo Shah Rukh Khan, samari sun kawo Rambo da Jet Li, masu gemu sun kawo Ertugrul. Akwai Kano, akwai Indiya, akwai Turkiyya, Amurka da Sin, har Koriya ta samu kujera. Ƙasa ɗaya ce ban gani ba a cikin duk jerin da ya zo hannuna, ita ce wadda muke zaune a cikinta.

Na ce bari in gwada, ƙila mantuwa ce. Da dare a fadarmu na tambayi samari wa ya san Oumarou Ganda. Wani ya yi caraf ya ce: "Ai wurin da aka yin kwansar ne a Yamai, na taɓa zuwa." CCOG yake nufi. Ya san ginin, bai san cewa mutum ne ba. Na ce to Zalika Souley fa? Shiru. Can sai wani ya ce: "Mawaƙiya ce ko?" Wannan yaron zai iya faɗa maka auren jarumar Kano na fari da na biyu, da ranar da aka sake ta, da irin motar da take hawa.

Kafin wani ya fara hura hanci, bari in faɗi inda na tsaya. Ni ba maƙiyin finafinan dandali ba ne. Na yi dariyar Ibro har hawaye, kuma da aka ce Rabilu Musa ya rasu a watan Disamba na 2014 na ji kamar a gidanmu aka yi rashin. Kano ba baƙon wuri ba ne gare mu. Maraɗi Katsinawa suka kafa ta, kuma iyakar da ke tsakanin Ɗan Isa da Jibiya ba ta raba harshe ba, ba ta raba tuwo ba. Fati Nijar tamu ce, Rakiya Moussa tamu ce, can suka je suka yi suna. Ban ce a fidda Ali Nuhu daga jeri ba. Abin da na ce shi ne, wanda ya rubuta goma bai sa na gida ko ɗaya ba, ya daina kiran abin nan "zaɓina". Ana zaɓe ne tsakanin abubuwan da aka gani. Wanda aka aje wa kwano ɗaya a gaba ya ce tuwon nan ya fi kowane tuwo daɗi, ba mu ƙaryata shi ba, amma ba za mu ɗauke shi alƙalin tuwo ba.

To wa ya aje mana kwanon? Ku je rumfar mai turi a kowace kasuwa, ku leƙa kwamfutarsa. Ga jakar Indiya-Hausa, ga ta dandali, ga ta Turkiyya, ga ta ƴan kokawar Amurka, ga waƙoƙi, ga wa'azi. Ka miƙa waya ko katin memwar, ka ba da ƴan daloli, a cika maka. Abin da ake tambaya shi yake ajewa, mu kuma abin da ya aje shi muke tambaya, haka abin ke zagayawa kamar jakin rijiya. Na tambayi wani mai turi a unguwarmu ko yana da fim ɗin Nijar. Ya yi tunani, ya buɗe mini wasu gajerun wasannin barkwanci na yaran TikTok. Na ce ina nufin irin su Cabascabo. Ya ce: "Alhaji, wanga ɗan wace ƙasa ne?" Ban ga laifinsa ba, ɗan kasuwa ne, bai taɓa jin mai saye ya ambaci sunan ba. Amma ku sani jerin goman da kuke alfahari da shi, a irin wannan rumfa aka rubuta shi, ku kwafa kawai kuka yi.

Abin da ke ƙona rai shi ne, ba rashin abin nunawa ne ya kawo wannan ba. Da a ce Nijar ba ta taɓa yin fim ba, da sai mu yi shiru mu ci na maƙwabta da godiya. Amma ƙasar nan tana cikin na farko-farko da suka ɗauki kyamara a Afirka ta bakar fata. Moustapha Alassane ya yi Aouré a 1962, shekara biyu kacal bayan samun ƴancin kai. Makanike ne tun asali, mai zane, ya je Kanada ya ƙaro ilimin zane mai motsi, wanda yara ke kira katun, ya dawo ya yi Bon Voyage Sim a 1966, labarin wani shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki da faretin sojoji da jiniya da duk wani kumbo irin na manya. Minti biyar ne, amma duk wanda ya taɓa tsayawa cikin rana ana jiran wucewar ayarin shugaba zai gane kansa a ciki.

A wannan shekarar ta 1966 ya yi wanda ni a wurina ya kamata ya zama na ɗaya a jerin kowane ɗan Nijar, Le Retour d'un aventurier. Minti talatin da ƴan kai ne. Wani saurayi, Jimi, ya dawo daga Amurka da akwati cike da kayan kaboyi, huluna da takalma da bindigogi, ya rarraba wa abokansa na ƙauye. Kowa ya sa kaya, ya yar da sunan da ubansa ya yanka rago ya raɗa masa, ya ɗauki sunan silima. Wannan Black Cooper, wancan Casse-Tout, budurwar cikinsu Reine Christine. Suka hau dawaki suka addabi gari, suka raina dattawa, har wasa ya koma rigima ta gaske. Ku duba fa, shekara kusan sittin ke nan mutumin nan ya yi fim a kan abin da finafinan waje ke yi wa kan yaranmu, ya yi shi da dariya, ba tare da ya hau mumbari ba. A 2021 Aïcha Macky ta fitar da Zinder, wanda ta ɗauka a unguwar Kara-Kara, sai ga samarin wani fale sun sa wa ƙungiyarsu suna Hitler, suna ɗauka sunan wani gwarzon mayaƙi ne na Amurka. Akwatin Jimi bai daina zuwa ba, yanzu ta waya yake shigowa. Ka kalli finafinan nan biyu a dare ɗaya, ka faɗa mini wane fim ɗin Indiya ne zai gaya maka wannan game da unguwarku.

Sai Oumarou Ganda, wanda aka mayar sunan wurin kwansar. Yana ɗan shekara 16 ya shiga sojan Faransa, aka kai shi yaƙin Indochine. Ya dawo bai samu abin yi ba, ya gangara Abijan yana dako a tashar jiragen ruwa. Can Jean Rouch ya same shi ya sa shi a fim ɗin Moi, un Noir na 1958. Da ya dawo gida ya ɗauki kyamara da kansa, sai ya yi Cabascabo, labarin tsohon soja da ya dawo da ƴan kuɗinsa, abokai da mata suka yi masa rumfa, ana kiɗa ana kirari, ranar da aljihu ya bushe kowa ya watse. Shi da kansa ya fito a matsayin sojan. An nuna fim ɗin a Cannes a 1969, ya kuma ci kyauta a Mosko a wannan shekarar. Yanzu ku gaya mini, a garuruwanmu da kowane gida ke da ɗan da ya tafi Libiya, ko Aljeriya, ko Djado wurin zinariya, ya dawo da kuɗi suka ƙare cikin wata uku, akwai labarin da ya fi wannan zama namu?

Fim ɗinsa na gaba, Le Wazzou polygame, shi ne ya ci kyautar Dokin Yennenga a bikin FESPACO na Wagadugu a 1972, karon farko da aka fara ba da ita. Kafin Mali, kafin Senegal, kafin Burkina mai masaukin baƙi, ɗan Nijar ne ya fara ɗaukar dokin. Tun daga ranar bai sake dawowa ƙasar nan ba. Labarin kuwa: wani ya dawo daga Makka da sunan Alhaji, ya ƙyalla ido a kan yarinyar da aka riga aka yi wa wani saurayi alkawari, ya sa kuɗi ya karɓe ta ta zama ta uku, kishi ya ci matarsa ta biyu har ta ƙulla kisa a daren biki, kisan ya faɗa kan wadda ba ita aka nufa ba. Rantse da Allah, da a Kano aka yi wannan, aka sa waƙa uku da rawa a gindin bishiya, da yana cikin jerin kowace mace da ke karanta wannan rubutu. Ganda ya rasu ranar 1 ga Janairu 1981. Har yau FESPACO na ba da kyauta da sunansa ga wanda ya fi iya fim ɗinsa na farko. Yaran Kamaru da Maroko na mafarkin cin kyautar Oumarou Ganda, yaranmu na ɗauka sunan fili ne.

Na san amsoshin da za a ba ni, don na sha jin su.

Za a ce ai da Zabarmanci da Faransanci aka yi su, ba ma ji. To, sannu da jin Indiyanci. Iyayenmu da suka cika silimar Ɗan Kasawa a Maraɗi, ko Zabarkan da Soni Ali Ber a Yamai, tun ba a san wani abu wai fassarar Hausa ba, da wane harshe suka kalli Amitabh? Ba su jin ko kalma ɗaya, amma a fito su ba ka labari daga farko har ƙarshe, har da abin da bos ya ce kafin ya mutu. Mun yi haƙuri da harshen mutanen da ke bayan teku, sai na maƙwabcin da muke ciniki da shi a kasuwar Katako ne ya yi mana nauyi?

Za a ce sun tsufa. Sholay na 1975 ne, sa'an su Wazzou ne. Mother India na 1957, ya girme su duka, kuma har gobe akwai tsohuwar da za ta yi kuka in an sa shi.

Za a ce suna da sanyi, ba waƙa, ba faɗa, hoto ya dushe, sauti na shaƙewa. Nan kam akwai gaskiya, ba zan ɓoye ba. An yi su da ƙaramar kyamara da kuɗi kaɗan, wasunsu suna tafiya a hankali kamar raƙumi da kaya, kuma ba duka ne masu kyau ba. Akwai wanda ni kaina na yi gyangyaɗi a tsakiyarsa. Ban ce dole ka so su ba. Ka gani ka ƙi, wannan hakkinka ne, sai mu zauna mu yi gardama irin ta waɗanda suka san abin da suke magana a kai. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ƙin abin da ba a taɓa gani ba, sannan a ɗaga murya a ce Nijar ba ta iya fim ba.

Kuma mai kukan harshe, ga na Hausa nan, me ya hana? Sani Magori ɗan Galmi ne. A 2008 ya yi Pour le meilleur et pour l'oignon, a kan manomin albasa da auren ɗiyarsa ya rataya a kan yadda kaka za ta yi da yadda farashi zai kasance. Duk wanda ya taɓa ganin buhunan albasa na ruɓewa a bakin hanya ana jiran mota zai kalli wannan da zuciya a hannu. Bayansa ya yi Koukan Kourcia, inda ya nemo tsohuwar zabiyar da waƙoƙinta suka riƙa zuga samari su bar gida su tafi bakin teku neman kuɗi, cikinsu har da mahaifinsa, ya ɗauke ta ya kai ta Abijan don ta yi wa uban waƙar da za ta dawo da shi gida. Wane marubucin dandali ne ya taɓa ƙago labarin da ya kai wannan? Kuma ba ƙage ba ne, ya faru, an ɗauka. Aïcha Macky kafin Zinder ta yi L'Arbre sans fruit a 2016, a kan matar da ba ta haihu ba da irin kallon da dangi da kishiyoyi da gari ke yi mata, ta fara da kanta, ba ta laɓe bayan kowa ba. Tun a shekarun 1980 Mariama Hima ta yi Baabu Banza a kan masu sarrafa tsofaffin tayoyi a Yamai. Inoussa Ousseini ya ɗauki Wasan Kara na Damagaram. Mahamane Bakabé ya yi Si les cavaliers a 1982, daga wasan kwaikwayon André Salifou, a kan shirin tawayen da aka ƙulla wa Faransawa a Damagaram a 1906, aka tona asirinsa, aka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa aka kai shi Kodebuwa. Ɗan Damagaram da ya san sunan kowane bawan Ertugrul, bai taɓa ganin fim ɗin da aka yi a kan fadar garinsu ba, wannan ba abin dariya ba ne.

Wasu za su ce dokimante ba fim ba ne, aikin ƴan boko ne da ƴan ONG. Ni dai na ga mutanen da suka kalli Zinder suka kasa tashi daga kujera bayan ya ƙare. In abin da ke riƙe mutum haka ba fim ba ne, to a sake masa suna, amma a nuna shi.

Yanzu batun jarumai, wanda ya fi yi mini ciwo. Ku duba yadda muke zaɓensu. Wance fara ce, wane ya iya sa shadda, wance tana da mabiya miliyan kaza. Da wuya ka ji an ce na zaɓe shi ne don a wuri kaza ya yi shiru, shirun ya fi magana. Ibro ya cancanci matsayinsa, don mutum ne da zai shigo bai ce komai ba ka fara dariya, wannan baiwa ce da aiki. Amma mu ma muna da irinsa. Waɗanda suka girma da wasannin Yazi Dogo a rediyo da tele sun san lokacin da unguwa ke yin tsit in an fara, kowa ya tattaru gidan mai telebijin. Akwai Damouré Zika, ma'aikacin lafiya ɗan gidan Sarkawa, wanda shi da Lam Ibrahim Dia da Tallou Mouzourane suka yi Cocorico Monsieur Poulet a 1974: mutum uku da wata ruɓaɓɓiyar mota sun shiga daji sayen kaji, mota na mutuwa ana tashinta, aljanu na tare hanya, in an zo kogi a kwance ta gunduwa-gunduwa a haye da ita. Duk direban da ya taɓa ɗaure injin da igiya a hanyar Dakoro ɗan uwansu ne. Ba a taɓa sa mini wannan fim a gaban mutane aka rasa masu riƙe ciki ba.

Sai Zalika Souley. An haife ta a Yamai a 1947, tana da shekara 19 ta hau doki a matsayin Reine Christine. Ta fito a Cabascabo, ita ce kishiyar Wazzou, ta fito a Saïtane, ta fito a Si les cavaliers. Ana lissafa ta cikin matan farko da suka riƙi fim a matsayin sana'a a wannan yanki na Afirka. Da yake sau da yawa matsayin karuwa ko muguwar mace ake ba ta, kuma ta iya, sai mutanen gari suka kasa raba wasa da gaskiya, suka riƙa zaginta da abin da ta yi a allo. Da harkar fim ta durƙushe a ƙasar nan, Rahmatou Keïta ta same ta tana zaune a ƙaramin gida ba ruwa ba lantarki, ta yi fim a kanta mai suna Al'lèèssi, wanda aka nuna a Cannes. Matar da ta wakilci Nijar a bukukuwan duniya ta ƙare da tafiya ƙasar waje aikatau. Ta rasu a 2021. Nawa ne cikin masu jera jarumai biyar suka ji labarin rasuwarta?

Kuma halin da ya ci Zalika bai mutu ba. Mutumin da zai jera maka jarumai mata biyar na Kano, ya sa hoton ɗaya a fuskar wayarsa, shi ne in ɗiyarsa ko ƙanwarsa ta ce tana son shiga fim zai ce a gidan nan ba a yi ƴar iska ba. Muna son ɗiyar wani ta yi mana wasa, tamu ta zauna a ɗaki. Sannan mu dawo muna tambaya me ya sa Nijar ba ta da taurari, me ya sa duk mai baiwa sai ta tsallaka iyaka kafin a san ta. Wa zai tsaya inda ake tafa masa da dare a zage shi da safe?

Ban ɗora wa ƴan kallo laifin duka ba. Masu yin finafinan namu su ma su ji nasu. Da yawansu kuɗin aikin daga Turai yake zuwa, don haka fim na gamuwa sai ya hau jirgi, daga wannan biki zuwa wancan, a yi tafi, a karɓi kyauta, a ɗauki hoto. In ya dawo gida a nuna shi dare ɗaya ko biyu a Yamai gaban jakadu da ƴan jarida, shi ke nan. A 2017 babban gidan adana kayan fasaha na MoMA da ke New York ya ware kwanaki yana nuna finafinan Moustapha Alassane. Mutumin da ya zauna a Tawa shekara da shekaru, yana aikinsa a can har kusan rasuwarsa a 2015, Ba'amurke ya ga aikinsa a babban allo, ɗan Tawa da ya riƙa wuce ƙofar gidansa bai gani ba. Zin'naariyâ ta Rahmatou Keïta ita ce fim ɗin farko da Nijar ta aika gasar Oscar, a 2018. Madalla. Amma a Tasawa, a Madawa, a Magariya, wa ya gan ta? Ɗan Kano ya fi ku a nan, kuma ku yarda: yana yin fim ne don mai kallo na kasuwar Kurmi da na kasuwar Maraɗi, ya san hanyar da zai bi ya iske shi har cikin ɗaki. Fim ɗin da aka yi a kan talaka, aka hana talaka hanyar ganinsa, akwai tambaya a kansa komai kyansa.

Akwai ma abin da ya fi wannan. Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta tsaya wa ayarin Voulet da Chanoine a 1899, tamu ce, Ba'azniya ce daga ƙasar Arewa. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafinta. Med Hondo ɗan Muritaniya ya mai da shi fim a 1986, ya ci Dokin Yennenga a 1987. A Burkina aka ɗauke shi, ƴar Burkina Aï Keïta ce ta fito a matsayin Sarauniya, kuma ba da Hausa take magana a ciki ba. Yau sunan Sarauniya na kan lambar girma, yana bakin kowane mai jawabi. Fim ɗin fa, wa ya juya shi zuwa harshen jikokinta?

A nan ne nake son hukuma ta saurara. A watan Oktoba na 2024 an cire sunan Jean Rouch daga cibiyar al'adu ta Yamai an sa na Moustapha Alassane. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Na yi murna da duka biyun. Amma fenti a bango ba shi da tsada. In da gaske ake, aikin da ke gaba a bayyane yake. Kwafin da yawa daga cikin tsofaffin finafinan nan yana ajiye a Faransa, a nemo su, a daidaita da masu hakki, a biya iyalan waɗanda suka yi su abin da ya dace. Sannan a juya su zuwa Hausa da sauran harsunanmu. Kada wani ya ce mini abu ne mai wuya. Samari a Kano, a ɗaki ɗaya da makirfo biyu, sun sa Indiyawa da Turkawa suna Hausa har da karin magana, suna fitar da sabo kowane mako. Ƙasa guda ba za ta iya yi wa finafinai ashirin haka ba? Télé Sahel ta ware dare ɗaya a mako, tsayayye, wanda kowa zai sani. A kai su lakwal, mushe ya nuna wa yara Cabascabo ranar da yake koyar da tarihin tsofaffin sojoji. A kai su gidajen matasa da al'adu na kowane gari, a kafa farin ƙyalle a fili kamar da. Sama da duka, a ba masu turi su kyauta, da izini a rubuce, a ce su tura wa duk mai so. Rumfar da ta rubuta mana jerin farko ita ce za ta iya gyara shi, ba taron bita a otal ba.

Kafin hukuma ta motsa, mu ma muna da forfe a waya. Wanda ya iya ƙone mega ɗari biyar a kan rigimar jaruma da tsohon mijinta zai iya rubuta sunan Moustapha Alassane ko Oumarou Ganda a YouTube ya ga abin da zai samu. Ba duka za a samu ba, wani guntu ne, wani hoton ya dushe, amma a fara da abin da ke akwai.

Tunda na zagi jerin kowa, ga nawa a zage ni. Le Retour d'un aventurier a sama. Sai Cabascabo da Le Wazzou polygame. Sai Cocorico Monsieur Poulet don ranar da rai ya ɓaci. Koukan Kourcia da Zinder, a kalle su da iyali, a yi magana bayan sun ƙare. F.V.V.A. na 1972, wato mace, mota, gida, kuɗi, labarin ƙaramin ma'aikacin da ya sa hannu a asusu don ya yi rayuwar da albashinsa bai kai ba, wanda na so a riƙa nuna wa duk wanda aka naɗa sabon muƙami kafin ya shiga ofis. Guri uku da suka rage na bar wa Sangaya, don ƙuruciyata tana ciki, da Sholay, da duk wani fim ɗin Ibro da hannu ya faɗa kansa. Jarumai kuwa: Zalika, Damouré, Ganda, Yazi Dogo, Ibro.

Na san za a ce na cika son kai, bakwai cikin goma na gida. To, ku kawo naku. Sharaɗi ɗaya ne: duk wanda zai ce fim ɗin Nijar kaza bai cancanci shiga ba, ya faɗa mana a ina ya kalle shi, kuma me ya faru a ƙarshensa. Ni kuma jibi zan koma wurin mai turin unguwarmu in sake tambayarsa Cabascabo, in aika yara biyu su ma su tambaya, kowa daban.